YADDA A KE SABUNTA ƘARAFAN INJIN MOTA

Ya kai mai karatu, in ka taɓa tsayawa kusa da makaniki sa'ad da ya ɗaga murfin gaban tsohuwar mota, lalle ka ga abin da ke ciki. Baƙin mai ya gamu da ƙura ya daskare kamar kwalta, wani wuri ya yi ja wur da tsatsa, wani wuri kuwa ya yi fari-fari sai ka ce an barbaɗa masa toka. Mai mota ya kan dubi wannan ya ce, "A fesa masa fenti ya koma sabo." To, daga nan kuskure ya ke farawa.

Ka tuna da magini. In aka kira shi ya gyara bangon da ruwa ya ci, ba ya ɗora sabon yaɓe bisa tsohon da ya kumbura. Sai ya kankare ruɓaɓɓen tukuna har ya tarad da ƙasa mai ƙarfi, sa'an nan ya yaɓa. In bai yi haka ba, damina ɗaya ta isa ta zubar da aikinsa duka. Haka ƙarfe ya ke. Fenti ba maganin tsatsa ba ne, riga ce kaɗai. Yawancin aikin sabunta ƙarfe ana gama shi tun ba a buɗe gwangwanin fenti ba. Wannan shi ne abin da mu ke so ka riƙe cikin wannan ɗan littafi.

MECE CE TSATSA?

A cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani sashi mai suna oksijin, shi ne kashi 21 cikin 100 na iska duka. Shi ke rayar da mu, shi ke sa wuta ta ci. In wannan oksijin ya sadu da baƙin ƙarfe, ga kuwa laima a wurin, sai su haɗu su zama jan garin nan da mu ke kira tsatsa. Watau tsatsa ƙarfe ne wanda ya ƙone a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi.

Muguntar tsatsa ita ce ba ta manne wa ƙarfe sosai. Ta kan kumbura ta yi ɓawo, ɓawon kuwa yana da ƙofofi ƙanana waɗanda ke riƙe ruwa kamar soso. Saboda haka ƙarfen da ke ƙarƙashinta kullum a jiƙe ya ke, tana ta cinsa tana nutsawa. In ka rufe ta da fenti, ba ka kashe ta ba, ɗaki ka gina mata. Bayan 'yan watanni za ka ga fentin ya yi bororo, ya fashe, ya zube. Gishiri kuma yana ƙara mata sauri ƙwarai. Domin haka motar da ta daɗe a bakin teku, kamar Ikko, ta kan fi wadda ta zauna a Kano ko Damagaram tsatsa nesa ba kusa ba. Haka kuma motocin da a ke sayowa na hannu daga ƙasashen sanyi, gama a can ana zuba gishiri bisa hanya domin ya narkar da ƙanƙara.

KA SAN ƘARFENKA TUKUNA

Ba ƙarfe iri ɗaya ne a cikin inji ba, abin da ke gyara wani kuwa shi ke ɓata wani. Dubi Peugeot 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe ma'aikatar a shekarar 1975. Gangar jikin injinta, wadda makanikai ke kira bulok, baƙin ƙarfe ne na zubi. Amma kan injin, wanda su ke kira tof silinda, na alminiyam ne. Ga su a ɗaure wuri ɗaya, amma halinsu dabam dabam.

Alminiyam shi ne farin ƙarfen nan marar nauyi da a ke zuba tukwane da shi. Waɗansu su kan ce masa dalma, amma ba dalma ba ne. Dalma ta gaskiya nauyi gare ta ainun, ita ce a cikin batir. Alminiyam kuwa nauyinsa kamar sulusin na baƙin ƙarfe ne. Ba ya yin jar tsatsa. Da iska ta taɓa shi sai ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ke tsare shi. In ya daɗe cikin laima da gishiri, sa'an nan ya kan yi farin gari da 'yan ramuka kamar zanzana.

Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce. Ka sami mayen ƙarfe, watau maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, ka ɗora. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, ga shi kuwa fari marar nauyi, to, ka ɗauke shi alminiyam ne. Sai dai akwai wani ƙarfe mai kama da shi, sunansa maganiziyam, wanda ya fi shi rashin nauyi. Da shi aka yi gangar jikin injin Volkswagen Beetle. Garinsa yana kama wuta, in ya kama kuwa ruwa ba ya kashe ta, sai ƙara ta. Irin wannan kada ka kai shi bakin dutsen wasa. In wutarsa ta tashi, busasshen yashi a ke rufe ta da shi.

KWANCEWA DA WANKI

Kada ka taɓa inji sai ya huce sarai. Ka fara cire wayar batir, ta wajen alamar ragi tukuna. Abin da ya kwantu, kamar murfin kan inji, da kaskon mai na ƙasa, da bakin salansa, gwamma ka kwance shi ka yi aikinsa a waje. Tun da yanzu ka iya rubutu, ga amfaninsa ya zo. Kowane abu ka cire, ka zuba kusoshinsa a gwangwani dabam, ka rubuta sunansa a 'yar takarda ka jefa ciki. Wanda ya dogara ga tunaninsa kaɗai, ran ɗauri ya kan ga kusa uku sun ragu a hannunsa bai san mazauninsu ba.

Kowace ƙofa ta buɗe a jikin inji, ko ta mai, ko ta ruwa, ko ta fulogi, ka toshe ta da tsumma mai tsabta nan da nan. Ka ƙidaya tsummokin ka rubuta, domin ka tabbata duk sun fito daga baya.

Sa'an nan wanki. Ka kankare daskararren mai da ɗan katako, ka bi da kananzir ko man gas da buroshi, daga nan ka wanke da ruwan zafi da garin sabulu har sau biyu ko uku. Ga yadda za ka gane ya wanku. Ka zuba masa ruwa mai tsabta. In ruwan ya shimfiɗu bai ɗaya, mai ya fita. In ya dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya kamar raɓa bisa ganyen gwaza, da sauran mai, sai ka sāke.

Abu biyu za mu gargaɗe ka a kansu. Na fari, kada ka yi wanki da fetur, ko da ka ga waɗansu suna yi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ya kan bi ƙasa ya tafi nesa ba a gani, har ya tarad da murhun mai shayi ko guntun taba, sai wuta ta biyo shi ta komo wurinka. Ko cikin tsananin sanyin hunturu yana kamawa. Kananzir kuwa ba ya ba da tururi mai kama wuta sai ya yi ɗumi. Na biyu, sodar nan mai ci wadda a ke yin sabulu da ita tana cire mai da tsohon fenti daga baƙin ƙarfe, amma alminiyam cinye shi ta ke yi. In ka tsoma murfin alminiyam a ciki da dare, da safe sai ka tarad ya yi baƙi ya zaizaye, ga kuma wata iska mai kama wuta tana fita daga ruwan. Ko kanwa ma kada ka jiƙa alminiyam a cikinta.

NEMAN TSAGA

Yanzu da ƙarfe ya fito tsirara, lokacin dubawa ya yi, gama datti ya kan ɓoye aibi, fenti kuwa ya fi shi ɓoyewa. Akwai wata dabara da ma'aikatan jirgin ƙasa su ke yi tun fiye da shekara 100 da suka wuce. Ka shafa wa ƙarfen kananzir, ka bar shi kamar minti 20, ka goge shi ƙaƙas. Sa'an nan ka barbaɗa masa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai tsattsafo ya jiƙa allin, sai ka ga baƙin layi siriri kamar zare. Ka fi dubawa kewaye da ramukan kusoshi da kuma bakin salansa. Abin da ya tsage, ko a kai shi wurin mai walda wanda ya san irin ƙarfen, ko a nemi wani a kasuwar kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Wanda ya rufe tsaga da fenti ya sayar wa wani, ha'inci ya yi. Wanda ya rufe ya hau da kansa, kansa ya cuta.

KAU DA TSATSA

Hanya uku ce. Ta fari ita ce ƙarfin hannu, da buroshin waya da samfefa. A bayan kowace samfefa akwai lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba ita ce mai laushi. Ga baƙin ƙarfe ka fara da 80 ko 120, ka bi da 180, ka ƙare da 320. Kada ka sa shi ya yi santsi kamar madubi, gama fenti yana bukatar ɗan kaushi da zai riƙe. Buroshin da ka goge baƙin ƙarfe da shi kada ka kai shi jikin alminiyam, domin ya kan bar ɓurɓushin ƙarfe a ciki, daga baya su yi tsatsa su ɓata shi da jajayen ɗigo.

Ta biyu ita ce tsami. Ka ga yadda mata ke goge kwanon tagulla da tsamiya ko lemun tsami ya fito fes. To, tsami yana narkar da tsatsa kuma. Ƙananan abubuwa na baƙin ƙarfe, kamar kusoshi da maƙalai, ana jiƙa su cikin ruwan khal, wanda a ke kira binega, kwana ɗaya ko biyu, a goge da buroshi. Bayan haka sai a ɗauraye su cikin ruwan da aka jefa 'yar kanwa, domin ta kashe sauran tsamin. A kantunan fenti kuma ana sayar da wani ruwa wanda in an shafa shi ya kan juyar da ragowar tsatsa ta zama baƙar fata mai tauri wadda fenti ke kamawa. Amma sai an kankare ɓawon tukuna, gama ba ya ratsa tsatsa mai kauri.

Ta uku ita ce feshin yashi, watau a hura tsakuwa mai laushi da iska mai ƙarfi ta kankare ƙarfe. Tana da sauri, tana kuwa shiga kowane lungu, nan ne kuma haɗarinta ya ke. Sandar nan da ke juyawa a cikin inji, wadda a ke kira karanshaf, tsakaninta da mazauninta bai kai kaurin gashin kai guda ba, mai kaɗai ke ratsawa. Ƙwayar yashi kuwa ta fi ƙarfen tauri. Na san wani direba a unguwarmu wanda ya kai murfin kan injinsa aka yi masa feshin yashi. Ya fito kamar ran da aka ƙera shi, har mutane suna tsayawa kallo. Ashe a cikin murfin akwai wani falle da aka manne, yashi ya maƙale a bayansa. Da mai ya yi zafi sai ya kwaso shi ya zaga da shi ko'ina. Ba a yi wata guda ba inji ya buga a kan hanya, ga fasinja cike da mota. Kuɗin da ya kashe wajen sāke ɗaurin inji ya ninka kuɗin adon nan sau da yawa. Saboda haka duk abin da mai ke bi ta cikinsa, in ba za ka iya buɗe kowane lungunsa ka wanke ba, kada yashi ya kusance shi.

Ko wace hanya ka bi, ka busar da baƙin ƙarfe nan take, ka shanya shi a rana. In ka bar shi tsirara a jiƙe, cikin sa'a guda za ka ga ya soma yin ja. Da damina kuwa kada ya kwana ba fenti.

WURAREN DA BA A TAƁAWA

Gwanin wannan aiki ba a gane shi ta wurin da ya goge, sai ta wurin da ya bari.

Fuskar da ƙarfe biyu ke haɗuwa da gasket a tsakaninsu, inji ne ya daidaita ta a ma'aikata. A injuna da yawa, in kan inji ya karkace fiye da kashi 1 cikin 10 na milimita, gasket ba zai riƙe ba, ruwa ya gauraya da mai. Hannun mutum ba ya iya kiyaye wannan awo. Kada ka sa mata dutsen wasa, ko magagari, ko samfefa mai kaushi, kada kuma fenti ya hau ta. In ta lalace, a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe.

Haƙoran kusoshi da ramukansu su zauna ba fenti, in ba haka ba ɗauri ba zai yi daidai ba. Wurin da wayar batir ke ɗaure a jikin inji, da mazaunin sitata, a bar su tsirara, gama lantarki ba ya ratsa fenti. Mutum ya kan gama ado ya murɗa makulli ya ji shiru, ya yi ta zargin batir, alhali fentinsa ne ya tare hanya. Haka kuma kwarin da bel ke bi, da tiyo, da wayoyi, da cikin kafireta, da 'yan na'urorin lantarki da ke jikin injunan zamani. Lagireto kuma ba ya son fenti mai kauri, domin ya kan hana shi fitar da zafi. Dukan waɗannan ka rufe su da takarda da salatif.

Lambar inji kuwa, wadda aka buga a jikin bulok, ka goge ta da tsumma da buroshi mai laushi kaɗai. In ka shafe ta da dutsen wasa, ran da ma'aikata suka gwada ta da takardun mota, kai za ka yi ta rantsuwa cewa ba ta sata ba ce.

FENTI

Ba kowane fenti ke jimre zafin inji ba. A ma'aunin zafi wanda ruwa ke tafasa a digiri 100, ruwan cikin inji ya kan tsaya wajen 90. Jikin inji yana bukatar fentin da aka yi dominsa, irin wanda a ke rubuta masa jimirin digiri 260. Amma bakin salansa, inda hayaƙi ke fara fitowa, ya kan wuce digiri 500, har wani lokaci ya yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Wannan sai fenti na musamman mai jimre 650 ko fiye. Fentin ƙofa ko na jikin mota, in ka sa shi a nan, kafin ka kai ƙarshen unguwa ya ƙone. Ka karanta abin da aka rubuta a gwangwani. Ka lura kuma, gwangwanayen Amurka da wani ma'auni dabam su ke ƙidaya, 500 nasu shi ne 260 namu.

Ka zaɓi safiya marar iska. Ranar da hazo da ƙura suka sauko ba ranar fenti ba ce, haka ranar da hadari ya haɗu. Ka yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta. Ka goge ƙarfen da tina da farin tsumma har tsumman ya daina yin baƙi, daga nan kada ka ƙara taɓa shi da hannu, gama ko maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa.

A kan fara da fentin shimfiɗa, shi ke kama ƙarfe, na sama kuma ya kama shi. Alminiyam yana da nasa fentin shimfiɗa dabam mai ɗan tsami, wanda ke cizon fatar nan tasa. In babu shi, fenti ya kan saɓule kamar ɓawon albasa. Yawancin fentin salansa kuwa bisa ƙarfe tsirara a ke fesa shi.

Ka girgiza gwangwani minti 2. Ka riƙe shi nesa da ƙarfe kamar taƙi ɗaya, watau santimita 20 zuwa 30. Hannunka ya riƙa tafiya, kada ya tsaya wuri ɗaya. Shafi na fari ya zama siriri har kana hangen ƙarfe ta cikinsa. Ka dakata minti 10 ko 15, ka ƙara, ka sāke dakatawa, ka ƙara na uku. Siriri uku sun fi mai kauri ɗaya, gama mai kauri ya kan zubo da hawaye, samansa ya bushe cikinsa ɗanye. Sannu ba ta hana zuwa. Ka bar shi ya kwana, ko ya yi kwanakin da gwangwani ya faɗa.

Fentin salansa ba ya ƙosawa sai ya sha zafi, kamar tukunyar ƙasa da ba ta amfani sai an gasa. Bayan ka ɗaura, ka ta da inji minti 10, ka kashe ya huce, ka sāke tayarwa minti 20, ya huce, sa'an nan ka yi tafiya. Zai yi hayaƙi da wari da fari, saboda haka a fili za ka yi.

Akwai kuma fentin gari, wanda a ke fesawa da lantarki a gasa a tanda mai zafin wajen digiri 200. Yana da ƙarko ƙwarai, amma aikin masu kayansa ne. Haka zuba wa ƙarfe ruwan kurom mai walƙiya, gama magungunansa dafi ne, ba na gida ba.

GOGE ALMINIYAM

In ka fi son alminiyam ya yi ƙyalli ba fenti, sai ka bi shi da samfefa da ruwa, daga 400 zuwa 600, zuwa 1000, har 1500 ko 2000. Duk sa'ad da ka sāke lamba, ka sāke fuskar gugar. In dā tsaye ka bi, yanzu ka bi a kwance. Da haka za ka gane ko zanen ta baya ya ɓace. Kada ka tsallake lamba, gama mai laushi ba ta iya shafe zanen mai kaushi ƙwarai. Daga ƙarshe ka shafa man goge ƙarfe da tsumma mai laushi. Tsumman zai yi baƙi ƙirin, wannan alama ce aiki yana ci. Sai dai ka sani, ƙyallin nan ba ya dawwama, sai kana maimaita guga bayan 'yan watanni.

LAFIYAR JIKINKA

Ƙarfe in ya ɓaci ana sayen wani, ido da huhu kuwa ba su a kasuwa. Ka sa tabarau in kana aiki da buroshin waya. Ka rufe hanci da baki da abin rufewa na ma'aikata sa'ad da ka ke guga ko feshi, gama rawani ba ya tare ƙura mai laushi. Ƙurar yashi tana taurara huhu, cutar kuwa ba ta warkewa. Saboda ita ne Ingila ta yi doka a shekarar 1949 ta hana feshin ƙarfe da yashi irin na rafi. Tsohon fenti kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a shekarar 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Domin haka kada ka yi guga a tsakar gida, kada yara su yi wasa a wurin, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, rigar aiki kuma kada ta shiga ɗaki. Ruwan wanki da baƙin mai kada a zubar kusa da rijiya.

To, mai karatu, ka ga aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri ya ke so. Inji mai tsabta ba ado kaɗai ba ne. In mai ya soma ɗiga, ran nan za ka gani, ka gyara da kuɗi kaɗan tun bai zama babba ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kuwa wani ya zo sayar maka da mota ka ga injinta yana walƙiya, kada ƙyallin ya ruɗe ka. Ka sunkuya ka dubi lungunan. In ka ga fenti ya hau tiyo da wayoyi da kan datti, ka san mai gaggawa ne ya yi shi, sai ka tambayi abin da a ke so a ɓoye maka.